Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Ababen Hawa a Harabar Jami'a

'Yan uwa mambobi, malamai da ma'aikata da ɗalibai, bayan gaisuwa da fatan alheri, ga abin da kwamitin gudanarwa ya yi da yawunku a wannan shekara.

Mafi yawan ƙorafin da ya iso teburinmu kan tara ne, kuma a nan muka fi zub da gumi. Mun zagaya duk wuraren ajiye motoci da ƙafa, muna ɗaukar hoto. A bayan ɗakin karatu mun tarar da allon "ba a fakin a nan" reshen bishiya ya rufe shi ruf, fentin layukan ƙasa kuma ya goge, amma kullum sai an manna wa mutane takardar tara a wurin. Mun kai wa hukumar makaranta hotunan, an sare reshen, an sabunta fenti, an kuma soke tarar waɗanda suka kawo takardunsu. Matsayinmu bai canza ba: dokar da ba a nuna wa mutum ba, ba a hukunta shi da ita.

Daga nan muka nemi a gyara hanyar ɗaukaka ƙara. A da, ofishin da ya ci ka tara shi ne kuma yake sauraren kukanka, wato mai dokanka shi ne alƙalinka. Yanzu an amince da kwamiti mai zaman kansa wanda ɗalibi ɗaya yake ciki. Abin da ya rage shi ne batun ƙarfen ɗaure taya da motar janwe. Muna son a taƙaita su ga wanda ya tare hanyar motar kashe gobara ko ta asibiti, da wanda gargaɗi ya ƙi ji. Har yau ba mu sami amsa a rubuce ba, kuma wannan ya dame mu.

Akwai inda muka tsaya tare da jami'an tsaro, ba kuma za mu ba kowa haƙuri a kai ba. Wata safiya ni da kaina na ga wata ɗaliba a keken guragu tana jira cikin rana, saboda wani ya gicciya motarsa a kan gangaren da take bi ta shiga aji. Sai da aka yi ta cigiya aji-aji kafin ya fito, lacca ta yi nisa. Wanda ya yi haka kada ya zo wajenmu neman a roƙa masa sassauci, ko da mambanmu ne. Mun kuma buƙaci a ƙara gurabun masu buƙata ta musamman kusa da ƙofofin shiga. A Amurka doka ta wajabta gurbi ɗaya cikin kowane 25 a filin da bai wuce gurbi 100 ba, kuma da wannan ma'auni muka kafa hujja.

Batun sitika, wato shaidar izinin fakin da ake mannawa a mota, shi ne mai wuya. Mutum ya biya kuɗin shekara, ya iso ƙarfe 8 na safe, ya yi ta zagaye babu gurbi. Dalili shi ne jami'o'i kan sayar da sitika fiye da yawan gurabu, bisa lissafin cewa ba kowa ke zuwa lokaci ɗaya ba, lissafin da yake rushewa a makon jarrabawa. Wasunku sun ce a gina sabon fili kawai. Amma kowace mota tana cin kusan murabba'in mita 30 idan aka haɗa da hanyar shiga da fita, ƙasar da za ta ɗauki aji ko ɗakin gwaji. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce. A Jami'ar Kalifoniya da ke Bakli, gurbin fakin na dindindin yana cikin karramawar da ake yi wa malamin da ya ci kyautar Nobel. Marigayi Farfesa Donald Shoup, masanin tsara birane na Amurka, wanda ya fitar da littafinsa kan tsadar fakin kyauta a 2005, ya ba da shawarar a daidaita farashi yadda kusan kashi 15 cikin 100 na gurabu za su kasance a buɗe kowane lokaci. Mun tattauna wannan sosai, ra'ayi ya rabu, domin ƙaramin ma'aikaci da ɗalibi su za su fi jin jiki. Mun fi karkata ga irin tsarin da Jami'ar Washintan ta Siyatil ta fara a 1991, na ba ɗalibai da ma'aikata katin shiga motar haya mai rangwame don rage masu zuwa da mota.

An kawo shawarar sa kyamarori masu karanta lambar mota a maimakon sitika. Ba mu ƙi ba, amma sai an faɗa mana wa zai riƙe bayanan, kuma har tsawon wane lokaci.

A babban taro mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a kan farashin sitika. Duk mai takardar tara da yake ganin an zalunce shi ya zo da ita, tare da hoton wurin in yana da shi.

Sakataren Ƙungiya,
a madadin kwamitin gudanarwa