Barka da Kirsimeti daga Landan

25 ga Disamba, 2020

Baba da Mama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da ganin wannan rana da rai da lafiya. Ina nan ƙalau, aiki ma da godiya, sai dai kewarku da ta hana ni sakat tun asuba.

Kun dai ji halin da muke ciki a rediyo. Mun sa rai za a sassauta kulle saboda biki, sai ranar 19 ga wata Firaminista Boris Johnson ya ce mu na Landan kowa ya ci Kirsimetinsa a gidansa, saboda an samu sabon nau'in korona mai saurin yaɗuwa. Coci a buɗe take, amma an hana jama'a rera waƙa a ciki. Mama, ki ji fa, sujada babu waƙa!

Shi ne mutanen layinmu suka yi dabara. Aka zuro wa kowa takarda ta ƙofa, wai ranar jajibere ƙarfe 6 a fito. A nan kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, don haka cikin duhu da sanyi muka fito, kowa a bakin ƙofarsa da kyandir ko fitilar waya. Wani dattijo ya busa ƙaho, aka ɗauka. Tsohuwar da gidanta ke kallon nawa, wadda rabonta da fita tun watan Maris, taga kawai ta buɗe, ta dafa ƙirji tana rerawa, muryarta na rawa. Sautin waƙoƙin ɗaya ne da na littafin waƙoƙinmu, sai na bi su da Hausa ba tare da na duba takarda ba. Na ji daɗi ƙwarai, Allah ya sani.

Amma kafin ka ce kwabo an gama. Aka ɗaga wa juna hannu, aka rufe ƙofofi. Ba ganga, ba guɗa, ba wanda ya ce shigo ka sha ruwa.

A nan ne hawaye suka zo mini, don na tuna yawon waƙarmu na Jos. Matasa su taru a coci bayan cin tuwo, hunturu ya farfasa mana leɓe, ƙafafu fari fat da ƙura, mu bi gida-gida har tsakar dare. In an iso namu, Baba ya fito da bargo a kafaɗa, a karanta Luka sura 2 da hasken tocila, a yi addu'a. Sannan Mama ta fito da kunun gyaɗa mai zafi da cincin a babban faranti, tana faɗa wai kada a yi wawa, alhali ita ke ƙara cika wa ƙananan aljihu. Washegari kuma Zumuntar Mata su ɗauki tulu da kacau-kacau, ƙasa ta amsa. Yau da safe na soya cincin, ya yi kyau, amma ci ni kaɗai ya gagare ni.

Bana an yi yawon kuwa? Na ji cutar ta sake tasowa a gida. Baba, don Allah ka riƙa sa takunkumi, kada ka shiga cunkoson gaisuwa bayan sujada. A nan an fara rigakafi tun ranar 8 ga wata, da wata tsohuwa mai shekara 90. Allah ya sa ya iso gare ku da wuri.

A gaishe mini da Kaka da kyau, a ce mata hular sanyin da ta saƙa mini ita na sa jiya, kuma ta ci naman da aka dafa mata ya yi laushi, kada ta raba wa jikoki duka. A gai da Yaya da iyalinsa, da Kawu, da Fasto. Gwaggo ta Tudun Wada, wadda in ba ta yi guɗa ba Kirsimeti bai shigo ba, a ce ta yi guda ɗaya da sunana. A gai da Hajiya maƙwabciyarmu, na san an kai mata shinkafarta tun da hantsi.

Auta, goron Kirsimetinka na nan tafe, amma sai ka ɗauko mini waƙar matan nan a waya ka turo ta WhatsApp, tun daga farko har ƙarshe.

Taku har kullum,
'Yarku