Keken Gwiwa da Dokin Ƙofa: Jan Hankali ga Masu Jinyar Ƙafa a Sakkwato

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili mu yi magana kan wani abin tafiya da ya fara shiga gidajen masu jinya a nan Sakkwato, wanda ake saye ko a aro a hau kawai, ba wanda ya nuna wa mai ciwon yadda ake saita shi. Keken gwiwa muke nufi. Keke ne mai taya huɗu, da kai irin na keken hawa, da birki, da 'yar katifa a tsakiya. Mai ciwo yakan tanƙwara ƙafar da ta ji rauni ya ɗora gwiwa da ƙwauri a kan katifar, sannan ya riƙa tunkuɗa ƙasa da ƙafa mai lafiya. Nauyin jiki yana bi ta cinya ya sauka a gwiwa, tafin ƙafar kuwa yana reto a baya, ba ya taɓa komai.

Wanda aka sallama daga Asibitin Ƙashi na Wamakko ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da umarnin kada ya taka ƙafa, ya san abin da ke gabansa. Karayar idon sawu takan ci mako 6 zuwa 8 kafin a yarda a fara takawa, ta dunduniya kuwa tana iya kai wa mako 12. Duk tsawon wannan lokaci a kan sandunan hammata ba ƙaramin aiki ba ne, musamman ga dattijo ko mai ƙiba: tafin hannu ya yi kanta, kafaɗa ta gaji, wanda kuma ya saba sakin nauyinsa a hammata yana iya danne jijiya hannun ya riƙa mutuwa. Keken gwiwa yana ɗauke wannan wahala. Amma ciwon da ke ƙasa da gwiwa kawai yake yi wa amfani, kamar karayar idon sawu da ta tafin ƙafa, tsinkewar agara, da gyambon masu ciwon suga da aka hana takawa. Mai ciwo a gwiwa, cinya ko kwankwaso, da wanda ƙafafunsa biyu suka samu matsala, da mai yawan jiri, ba nasu ba ne. Karayar ƙwauri kuwa sai likitan da ya ga hoton ƙashin ya amince, domin a daidai wurin ne katifar ke tokarewa.

Kuskuren farko yana faruwa tun kafin a motsa daga wuri ɗaya, wato wajen tsawon katifa daga ƙasa. Yawanci keken aro ne, an saita shi da tsawon wanda ya fara amfani da shi, sabon mai jinya kuma ya hau a haka. Ga yadda ake yi. Mai ciwo ya sa takalmin da zai riƙa yawo da shi a ƙafa mai lafiya, ya miƙe sosai yana dafe da bango ko kafaɗar wani, ya tanƙwara ƙafar ciwon har ƙwauri ya kwanta a miƙe kamar saman benci. A auna da tef ɗin tela daga ƙasa zuwa ƙarƙashin gwiwar. Wannan shi ne tsawon katifa. Ƙarfen da ke ɗauke da ita yana da ramuka a jere, kusan inci ɗaya tsakaninsu; a zaɓi wanda ya fi kusa, a tabbatar ƙusar ta ratsa ta fito ta ɗaya gefen, sannan a ɗaure maɗaurin tam. Idan an gama, wani ya tsaya a baya ya dubi ƙugun: ya kamata ɓangarorin biyu su yi daidai. Katifar da ta yi ƙasa tana sa mutum ya karkace, ƙafa mai lafiya ta riƙa tafiya a durƙushe, kafin mako ya zagayo ciwon baya ya fi na ƙafar damunsa. Wadda ta yi sama kuwa sai mutum ya riƙa ɗage da 'yan yatsu, ba shi da inda zai kafe idan keken ya kufce.

Kan keken kuma a daidai ƙugu ake tsayar da shi, yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa, yatsu su kai ga birki ba tare da an miƙa ba. Wasu kekunan ana iya matsar da katifarsu hagu ko dama. A irin waɗannan, ana matsar da ita ne zuwa ɓangaren ƙafa mai lafiya, don kada diddige ya riƙa karo da tayar baya. A kuma duba takardar da ke manne a jikin ƙarfen. Yawancinsu kilo 136 suke ɗauka, akwai kuma masu ƙarfi da aka yi wa masu nauyi fiye da haka.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Wannan keke an ƙera shi ne don daɓe sumul, marar gargada, irin na asibiti da manyan kantunan Amurka da Turai. Tayarsa ta yau da kullum inci 8 ce, roba ce daskararriya. Gidajenmu kuwa kowa ya san su: daga ɗaki akwai dokin ƙofa, daga nan tsakar gida mai rairayi ko simintin da ya farfashe, sai zaure, sai wani dokin ƙofar, sai kwata a bakin gida da aka gitta wa katako. Ƙaramar taya idan ta ci karo da tudun da bai wuce kaurin yatsu biyu ba, tsayawa take yi cak. Jikin mutum kuma bai tsaya ba, sai ya wuce ta saman kan keken. Abin da ya fi muni shi ne, mai faɗuwa ba ya shawara, ƙafar da aka hana shi takawa ita yake fara kai wa ƙasa da dukkan nauyinsa. Ta haka ƙashin da ya fara haɗewa ke gocewa, ɗinkin agara ya ɓalle, a koma gidan jiya.

Saboda haka ba a tunkarar dokin ƙofa da gudu da nufin a haye shi. A zo a hankali, a fuskance shi kai tsaye ba a karkace ba, a tsaya, a kafe ƙafa mai lafiya, a ɗaga tayoyin gaba da hannu biyu a ɗora su a ɗaya gefen, a tsallaka, sannan a jawo na baya. In dokin ya kai tsawon taƙi, a bar keken, a ɗauki sanda. Wanda ke da hali ya kira magini ya zuba masa ɗan gangare na siminti, ko kafinta ya yi na katako mai kauri. Ƙa'idar gangaren ita ce kowane santimita 1 na tudu a ba shi santimita 12 na tsawo: dokin da ya kai santimita 10 yana buƙatar gangare mai santimita 120. Magina sukan so su gajarta shi don ya yi kyau a ido, kada a yarda, gangare mai tsini ya fi dokin haɗari.

Rairayi kuwa nutsar da ƙaramar taya yake yi. Wanda tsakar gidansa ko layinsu yashi ne, kamar lunguna da yawa a Mabera da Gidan Igwai, ya nemi mai manyan tayoyi masu iska, inci 12. Sun fi hawa tudu, sun fi shanye gargada, sai dai sun fi faɗi da nauyi, kuma ƙaya na huda su, don haka a san wurin mai faci mafi kusa. Ko da su ɗin, ba mu ga dalilin da zai sa mai karaya ya shiga cunkoson Babbar Kasuwa ko gefen titi tsakanin 'yan kabu-kabu ba. A aiki yaro.

Juyawa ita ce ta biyu wajen kayar da mutane. Gindin keken siriri ne, nauyin mutum kuma yana sama, don haka murɗa kai gaba ɗaya ana cikin tafiya kifewa ne. A rage gudu kafin kwana, a yi ta da faɗi, in wuri ya ƙure a yi gaba a yi baya kamar mai juya mota a lungu. Haka nan ba a sunkuyawa daga kansa don ɗaukar abin da ya faɗi, ba a kuma rataya bokiti ko jaka mai nauyi a kai. Kwandon gaba na waya ne da magani da tocila. Tocilar nan ba ƙawa ba ce: a ɗauke wuta da dare mutum na tsakiyar fili a kan ƙafa ɗaya, sai wanda ya gani.

Akwai abin da takardar kamfani ba za ta faɗa ba, domin masu rubuta ta ba su san babbar riga ba. Bakin zani, dogon hijabi, jallabiya da hannun babbar riga duk suna shiga tayar baya su naɗe. A tattare su, ko a sa tufafin da bai wuce ƙwauri ba har a warke. Silifas kuma a ajiye shi. Ƙafa ɗaya ce ke riƙe da mutum, tana buƙatar takalmi mai rufi ko mai maɗauri a baya, wanda ƙasansa ba ya santsi. A naɗe tabarma da darduma daga hanyar da ake bi, a kula da bakin ledar ɗaki da ya ɗago, a goge tayil bayan an yi alwala.

Hawa da sauka duk da birki a kulle ake yin su. Hannun birkin yana da ɗan maɓalli ko maƙalli da ke riƙe shi a matse. Za a hau: a kulle, a kama kai da hannu biyu, a ɗora gwiwa a tsakiyar katifa, sannan a saki. Za a zauna: a ja da baya har bayan ƙafa mai lafiya ya taɓa kujera ko gado, a kulle, a kai hannu ɗaya a dafa wurin zaman, a sauka. Wayar birki tana saki da amfani. Kowace safiya a kulle a tura keken. In tayar baya ta juya, a murɗa ɗan notin da ke bakin wayar har ta kama, in ya gagara kowane mai gyaran keke zai yi shi cikin minti kaɗan. Ƙurar hunturu tana shiga cikin tayoyi, a riƙa gogewa ana ɗiga ɗan mai a gatarin, amma kada mai ya taɓa inda birki ke kamawa. A gangare kuma a riƙa matsa birki kaɗan-kaɗan tun daga sama, kada a bari sai ya ɗauki gudu a damƙe.

Shi kansa jikin yana da nasa haƙƙin. Keken yana sa mutum ya ji ya warke, sai ya wuni a tsaye, alhali ƙafar da ke cikin filasta tana so a kwanta a ɗora ta a kan matasai ta fi ƙirji tsawo, sau da yawa a rana, don kumburi ya sauka. Ƙafar da ba ta motsi, gwiwa kuma a tanƙware, jini yana iya daskarewa a jijiyarta. Sabon ciwo ko kumburi a sharaɓa, ko wurin ya yi zafi, dalili ne na komawa asibiti a ranar. In aka ji numfashi na sarƙewa ko ciwon ƙirji, ba a jiran wayewar gari. Haka idan yatsu suka yi sanyi, suka canza launi, ko suka daina ji. A zafin Maris zuwa Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, a yawaita shan ruwa, kada kuma a bar keken a rana, domin baƙar ledar katifar tana iya ƙona fata. Zufa na sa gwiwa ta saluɓe. A shimfiɗa tawul mai laushi a ɗaure shi da kyau yadda ba zai zame ba. Mai ciwon suga ya sa a duba masa gwiwar da tafin ƙafa mai lafiya kowace rana, don sau da yawa ba ya jin rauni sai ya yi nisa.

Bayan gida na tsugunno ba ya yiwuwa da ƙafa ɗaya, a nemi kujera mai rami. Wanka a zaune a kujerar roba, a rufe filasta da leda a ɗaure bakinta, domin filasta in ta sha ruwa laushi take yi ta daina riƙe ƙashi. Alwala ma a zaune. Hukuncin shafa a kan ɗauri da yin salla a zaune sananne ne, malamin unguwa zai yi bayani. Wanda zai je Juma'a a Masallacin Shehu ko na Sultan Bello ya tafi da mai rakiya, ya shiga da wuri, ya bari a rage kafin ya fito. Kan keken yana naɗewa, yana shiga but ɗin mota ko Keke Napep. Matakala kuwa ko guda biyu ce ba a hawanta da shi, shi ya sa ba a mayar da sandunan hammata don an samu keke.

Ga masu sayen na hannu: a duba walda a wuyan keken da ƙarƙashin katifa ko akwai tsagewa, a girgiza kan a ji ko yana lilo, a juya kowace taya a ga ba ta rawa. Wanda ƙusarsa ta ɓata aka maye ta da ƙusar kafinta ko waya, a bar wa mai shi kayansa. Sannan a tafi da keken ranar komawa ganin likita, a ce wa ma'aikacin gashin ƙashi ya duba saitin da idonsa, ya kuma ga yadda mai ciwon ke hawa da sauka. A gida kuma a kulle birki a jingine shi inda yara ba za su kai ba, don in suka same shi, kafin la'asar ya zama motar unguwa.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan gashin ƙashi,
Sakkwato.