Rahoton Ayyukan Shekara: Inda Muka Kwana Kan Tallafin Asarar Dabbobi

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa da 'yan'uwa mambobi.

Tarukan wata-wata sun gudana a ofishinmu na Unguwa Uku kamar yadda aka saba, an kai gaisuwa gidajen waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Lissafin kuɗi na wurin ma'aji. Ni zan tsaya kan aikin da ya cinye mana rabin shekara, wato bin tallafin gwamnati ga mambobin da damina ta yi wa ɓarna.

Yawancinmu a birni muke kwana, amma dukiyar tana ƙauye, wasu wajen Wudil da Warawa, kusa da bakin kogi. Da labarin ruwa ya iso, kwamiti ya je da ƙafarsa. Wani dattijo ya ja hannuna zuwa bayan gida, ya nuna mini turaku da igiyoyi ɗaure, ba tunkiya ko ɗaya. Harawar da ya tara a kan rumfa ta yi baƙi, tana warin ruɓa. Dabbobin da suka tsira kuwa, bayan makonni ciwon hanta da na kofato suka bi su.

Mun bi hanya: mai unguwa, dagaci, hakimi, sannan ƙaramar hukuma. A nan muka ci karo da matsala. Mai gida yana da bangon da ya faɗi, mai gona yana da shukar da ruwa ya kwantar, kowa ya zo ya gani. Mai dabba fa? An yanka abin da aka samu yankawa, sauran ruwa ya tafi da su ko an binne. Aka tambaye mu shaida, muka rasa. Wasu sun sami kayan abinci, mun gode, amma buhun shinkafa ba ya maye saniyar tatsa. 'Yan kaɗan da aka rubuta sunansu don kuɗi, wasu sun makale saboda sunan da ke NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ya saɓa da na asusun banki. Matasanmu sun raka su an gyara.

Gaskiya wani ɓangare na laifin namu ne. Ba ma son ƙirga garke a gaban mutane, tun zamanin jangali wannan tsoron yake jikinmu. Amma ko a Amurka, inda gwamnati ke biyan makiyayi kashi 75 cikin 100 na kuɗin kasuwar dabbar da bala'i ya kashe, sai ya kai rahoto a kan lokaci tare da shaidar yawan garkensa. Saboda haka muka raba wa kowane mamba littafi: yawan dabbobi, ranar saye, ranar rigakafi, da hoto a waya.

Mun kuma zauna kan inshora. Hukumar inshorar noma ta ƙasa, wato NAIC, wadda ke aiki tun 1987, tana karɓar inshorar dabbobi, kuma gwamnati na ɗaukar rabin kuɗin da ake biya don shiga inshorar. Dattawa sun ce sai an ji ta bakin malamai tukuna, ni ma ina ganin hakan ya fi, don haka mun ɗage maganar.

Tunda aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi ta tarayya a watan Yulin 2024, yanzu akwai ƙofar da za mu ƙwanƙwasa da sunan makiyaya. Mun rubuta takardar neman a riƙa sa dabbobi da abincinsu cikin ƙiyasin ɓarna, kuma likitan dabbobi ya shiga tawagar da ke zuwa dubawa. Shugaba zai karanta ta kafin a sa hannu.

Taro mai zuwa, don Allah kowa ya zo da littafinsa da katin NIN. Wanda bai iya rubutu ba ya zo da ɗansa.

Sakatare