A Liƙa Lissafin Kuɗin Asibitinmu a Bango

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in amayar da wata magana da ta tsaya mini a rai tun daminar da ta wuce. Ni tsohon malamin firamare ne, na yi ritaya ina hedimasta, ina zaune a wani ƙauye da ke arewacin jihar Gombe. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ko na asibitinmu ba, don kada a huce fushi a kan ƙaramin ma'aikacin da bai ji ba bai gani ba.

A cikin watan Agusta, wajen ƙarfe ɗaya na dare, ƙanena ya buga mini ƙofa. Ya ce naƙuda ta yi wa matarsa tsawo, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta, a tafi asibiti. Ana yayyafi. Aka ɗora ta a mashin, yayarta ta riƙe ta ta baya, ni da mijin muka bi su a wani mashin ɗin, muna kauce wa kududdufai. Asibitin mazaɓarmu an gyara shi, wannan ba ƙarya: sabon kwano, sabon fenti, ga farantan sola a kan rufi. Sai dai batirin ya daɗe da mutuwa. Ma'aikaciya ɗaya tal muka tarar, yarinya sa'ar 'yata ta biyu, tana bakin aiki tun la'asar. Wayarta ta miƙa wa yayar mai naƙuda ta ce ta haska mata.

Aka haihu lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Ma'aikaciyar ta leƙo ta miƙo mini wani yagaggen kwalin magani da ta yi rubutu a bayansa: safar hannu, ledar ruwa biyu, sirinji, allurar tsayar da jini. Ta ce, "Baba, don Allah ka yi sauri, ko ɗaya ba mu da shi a nan." Na je na yi ta dukan ƙyauren mai kemis har ya tashi. Allurar daga kan kanta ya ɗauko ta, kusa da sabulai da man shafawa. Sai daga baya wani tsohon ɗalibina da ya zama jami'in lafiya ya gaya mini cewa wannan allura, oksitosin, a firji ake ajiye ta, zafi yana rage mata ƙarfi. Allah ya tsare, jinin ya tsaya. An yi suna, uwa da jaririya suna nan lafiya. Wannan yarinya ma'aikaciya kuwa har gobe ina sa mata albarka.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne na san doka ta ware kuɗi domin irin wannan dare. Dokar Lafiya ta Ƙasa da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2014, a sashe na 11, ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ma'aikata ke kira BHCPF. Ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Ba ta tsaya nan ba, har rabon ta yi: rabi ya tafi inshorar lafiya, kashi 20 a sayi magani da alluran rigakafi da kayan amfanin yau da kullum irin su safar hannun da aka aike ni nema, kashi 15 na gyaran gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 na ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, naira biliyan 55 da 'yan kai. Hikimar tsarin ita ce kuɗin gudanarwa ya riƙa faɗawa kai tsaye cikin asusun banki na asibitin mazaɓa duk wata uku, kuma ba ya fita sai incajin asibiti da shugaban kwamitin raya mazaɓa sun sa hannu. A shekarun farko wajen naira dubu 300 ne a wata uku. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, amma ya isa a ce akwai safar hannu a ɗakin haihuwa.

Bayan suna na shirya na je na sami incaji. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya saurare ni. Ya ce kuɗin kan zo, wani lokaci a makare, kuma duk abin da ya kashe yana haɗa rasidai ya kai sama. Na ce to nawa ya shigo a zangon da ya wuce, me aka saya? Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, wannan sai da izinin ofis." Na wuce wajen shugaban kwamitin mazaɓa, dattijo maƙwabcina, sahu ɗaya muke sallah. Ya ce, "Wallahi Malam, takarda ake kawo mini in dangwala. Ka san ban yi boko ba."

Ranka ya daɗe, ban ce an ci kuɗin nan ba. Ban gani ba, kuma ina tsoron haƙƙin mutane. Mai yiwuwa bai zo da wuri ba, mai yiwuwa ya ƙare a gyaran famfo ko alawus ɗin mai gadi. Damuwata ita ce lissafin duk sama yake hawa, daga mazaɓa zuwa ƙaramar hukuma, zuwa Gombe, zuwa Abuja. Mu da aka ware kuɗin da sunanmu, mu da matanmu ke kwanciya a kan gadon nan, babu layi ɗaya da ke saukowa gare mu.

A masallacin Juma'armu, bayan an idar da sallah, ma'aji kan miƙe ya faɗi abin da aka tara a makon da ya wuce da abin da aka kashe, har kuɗin kwan fitila. Babu wanda ya taɓa ɗaukar wannan a matsayin cin fuska ga ma'aji. Lokacin da nake hedimasta, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai a kan allo nake rubuta shi da alli, iyaye na zaune a kan bencin 'ya'yansu. Matan da ke adashi a gidanmu kowacce ta san ranar kwasarta da abin da za ta kwasa. Mutanenmu sun san lissafi a bainar jama'a tun kafin a zo da takardun ofis. Me ya sa kuɗin da rai ya rataya a kansa ne kaɗai ake naɗewa a fayil?

Ba na cikin masu cewa ba a yi komai ba. Gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya ta ɗauki asibiti ɗaya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 114 na ƙananan hukumomi 11 ta gyara, ta kuma kafa hukumar taimakekeniyar lafiya ta GoHealth. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau ne a nan maƙwabtanmu Bauchi, kuma shi ya shugabanci hukumar lafiya a matakin farko ta ƙasa daga 2008 zuwa 2011, ya san ciki da bai na ƙananan asibitoci. A watan Nuwamban 2024 ya sanar da yi wa mata marasa ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Madalla. Amma sanarwar da aka yi a Abuja ba ta zama magani sai macen da ke bakin rijiya a ƙauye ta san wane asibiti za ta je, da abin da ba za a karɓa a hannunta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kuma zubar jini na sahun gaba cikin dalilai, ga jijjiga, ga doguwar naƙudar da ke kai mata cibiyar yoyon fitsari ta Ningi.

Ana yawan tuna wa gwamnati alƙawarin Abuja na 2001, cewa za a ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, wanda gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Ina tare da masu wannan kira. Sai dai in ana ɗura ruwa a randar da ba wanda ke leƙawa, ba za a san ta tsage ba sai ƙishi ya zo.

Abin da nake nema ba ya cin kuɗi. A kafa allo a ƙofar kowane asibitin mazaɓa. A rubuta ranar da kuɗi ya shigo da adadinsa, abin da aka saya da farashinsa, da abin da ya rage. A rubuta magungunan da ke cikin sito, ayyukan da suke kyauta, yawan marasa galihun da aka yi wa rajistar inshora a mazaɓar, da sunan wanda ke aikin dare. A yi shi da Hausar boko da ajami, inda Fulatanci ko Tangale ko Tera ko Waja ko Bolanci ya fi tafiya a yi da shi. Tun da ba kowa ke karatu ba, duk wata uku a karanta shi da babbar murya a ƙofar dagaci, kuma a tabbatar mata suna wurin, domin su ne suka fi kowa sanin ranar da aka ce musu babu. Kwamitin mazaɓa kuma a zaɓe shi a fili, a sa ungozoma a ciki, a sa wanda zai iya karanta takarda kafin a sa hannu. Dattijon da ake kai wa takarda ya dangwala an ɗora masa amanar da ba a ba shi hanyar saukewa ba, wannan zalunci ne a kansa shi ma.

Wani abokina ya ce mini allon zai jawo wa ma'aikata tsangwama, 'yan siyasa su mai da shi abin faɗa. Ni a ganina allon garkuwa ne gare su. Yau in magani ya yanke, wa ake zagi? Wannan yarinyar da ke karɓar haihuwa da hasken waya. Ita ake cewa ta kwashe ta kai kemis. Da allo ya nuna wata biyar kuɗi bai shigo ba, da jama'a sun san ƙofar da za su buga. Haka nan doka ta ɗora wa jihohi da ƙananan hukumomi zuba nasu kason na kashi 25 cikin 100, shi ma a bayyana ko an zuba. Ƙananan hukumomi, tun da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024 cewa kuɗinsu nasu ne, batirin sola bai kamata ya gagare su ba. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. 'Yan majalisar dokokin jiharmu 24 za su iya mai da wannan allo doka a zama kaɗan.

Ku ma 'yan jarida akwai naku. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa wa wanda ya nemi bayani a rubuce. Ku nemi jerin asibitocin da ke karɓar kuɗin nan daga Nafada har Balanga, da abin da kowanne ya samu, ku buga shi da Hausa, gidajen rediyo su karanta.

A ɓangarenmu, wani kafinta tsohon ɗalibina ya yi alƙawarin haɗa allon kyauta, ni zan sayi fenti da alli, dagaci kuma ya yarda ya tara mutane bayan an gama kaka. Incaji ya ce shi ba ya ƙi, takarda kawai yake jira daga sama wadda za ta ce masa ya rubuta. Wannan takardar nake roƙon hukumar kula da lafiya a matakin farko ta jihar Gombe ta fitar, ta aika wa kowane asibitin mazaɓa kafin damina mai zuwa.

Wassalam.

Naka mai karatu,
Tsohon hedimasta, daga arewacin jihar Gombe