Lambar da ke kan allon sigarin lantarki lissafi ce, ba awo ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi bayani a kan wani abu da yake cutar da mutane ba tare da sun ankara ba, wato yadda masu amfani da sigarin lantarki mai daidaita zafi suke saita shi ba bisa ƙa'ida ba, suna zuƙar tururin da ya ƙone alhali allon na'urar yana nuna musu cewa komai lafiya lau.

Ina so a fahimce ni tun daga farko. Ba ina kiran kowa zuwa ga wannan na'ura ba ne. Sinadarin nikotin da ke cikin ruwanta yana kama mutum kamun da ke da wuyar saki, kuma lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga gwamnatoci a watan Disamba na 2023 da su gaggauta kare yara daga sigarin lantarki, ina cikin waɗanda suka ga dacewar kiran. Wanda bai taɓa shan taba ba, ba shi da abin nema a nan. Maganata da waɗanda suke kamar ni ce, waɗanda suka shafe shekaru taba tana cin ƙirjinsu, suka koma ga wannan na'ura a hanyarsu ta rabuwa da ita, sannan suka tarar da takardar bayani mai ƙananan haruffa da ba ta gaya musu abin da ya fi muhimmanci ba.

Abin da takardar ba ta fayyace ba shi ne, babu wani ma'aunin zafi a jikin kwayil ɗin da ke dafa ruwan. Kwayil nadin waya ne da aka zura masa lagwanin auduga, audugar tana tsotso ruwa daga tanki, wayar kuma tana yin zafi ta mayar da shi tururi. Wasu ƙarafa suna da ɗabi'ar ƙara turjiya ga wutar lantarki gwargwadon yadda suka ɗau zafi, saboda haka ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke cikin na'urar takan riƙe adadin turjiyar wayar tana sanyi, ta riƙa duba yadda adadin yake hawa yayin da aka danna maɓalli, daga nan ta lissafo zafin da take tsammanin wayar ta kai, ta rage wuta idan an zo iyakar da aka sa mata. Kamfanin Evolv na Amurka ne ya fito da wannan fasaha kasuwa a 2014 da ƙwaƙwalwarsa mai suna DNA40, wadda a lokacin wayar nikel kaɗai take aiki da ita. Duk abin da na'urar za ta nuna a allo ya dogara ne da abubuwa biyu da mai ita ya gaya mata: irin ƙarfen wayar, da turjiyarta tana sanyi. Idan ɗaya daga cikinsu ya karkace, lissafin gaba ɗaya ya karkace, na'urar kuwa ba ta da hanyar ganewa.

Kowane ƙarfe yana da nasa adadin hawan turjiya a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salshiyos, wanda ake gani a jerin saitin na'urori da haruffan TCR. Na nikel ya kai kusan 0.006, na taitaniyam kusan 0.0035, na ƙarfen da ba ya tsatsa samfurin 316L kuwa kusan 0.00092 ne kawai. Wayar Kanthal, wadda ita ce aka fi yin kwayil da ita, turjiyarta kusan ba ta motsi ko da ta yi ja wur, shi ya sa ba ta shiga wannan tsari sam. Tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi ba ƙarama ba ce. Kwayil ɗin nikel mai turjiyar om 0.15 (om shi ne ma'aunin turjiya), idan zafinsa ya ƙaru da digiri 200, turjiyarsa takan kai om 0.33, wato fiye da ninki biyu, amma kwayil ɗin 316L mai om 0.50 da ya ɗau wannan zafin bai wuce ya kai om 0.59 ba.

A nan ne ni kaina na faɗa rami. Na sa kwayil ɗin 316L alhali na'urar tana kan saitin nikel, na sa iyaka a digiri 220, na danna na zuƙa. Ɗanɗanon da ya daki maƙogwarona irin na tsumman da wuta ta lasa ne, na yi tari har idanuna suka kawo ruwa, allon kuwa yana nuna cewa ko rabin iyakar ba a kai ba. Da na kwance kan tankin sai na tarar tsakiyar lagwanin ya yi baƙi ƙirin ya tsinke gida biyu, gefe da gefe kuma fari fat, jiƙe da ruwa. Na'urar tana jiran turjiyar ta ninka kamar yadda nikel yake yi, abin da wayar 316L ba za ta yi ba sai zafinta ya haura digiri 1000, saboda haka ta ci gaba da tura wuta. Wasu na'urorin kan gane rashin dacewar su koma tsarin wat da kansu, wato tsarin da ke tura ƙarfin wutar da aka saita ba tare da lura da zafi ba, amma ba duka ba. Akasin haka ma yana faruwa: wanda ya sa wayar nikel a saitin 316L zai ga na'urar tana yanke wuta nan take, tururi ɗan kaɗan mai sanyi, ya ɗauka ta lalace, alhali ita a lissafinta wayar ta riga ta kai iyaka. Ƙa'idar a taƙaice ita ce, lambar TCR da ta fi ta wayar yawa tana jawo zafi fiye da abin da allo ya nuna, wadda ta gaza kuma tana jawo yankewa da wuri.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyuwa, domin yakan sami wanda ya zaɓi ƙarfen daidai. Idan aka ɗaura tanki a kan na'ura, takan tambaya ko sabon kwayil ne, sannan ta kulle turjiyar da ta karanta a matsayin ta waya mai sanyi, yawanci tana ɗauka cewa zafin ɗaki bai yi nisa da digiri 20 ba. Mutum zai gama zuƙa, ya kwance tankin ya ƙara ruwa, ya mayar da shi cikin minti ɗaya, ya amsa mata da e. Wayar kuwa tana nan da ɗuminta. Idan ta rage a digiri 60, na'urar za ta karanta om 0.518 maimakon 0.50, kuma daga wannan lokacin duk sa'ad da allo ya nuna 220, ainihin zafin wayar ya haura 260. Maganin wannan haƙuri ne kawai: a ajiye tankin da na'urar wuri ɗaya na kamar minti 15 su huce tare, sannan a ɗaura a kulle.

Na uku shi ne sakin sukuru da dattin mahaɗi. Da yake hawan turjiyar 316L ɗan ƙanƙani ne, kuskuren om 0.01 a kwayil mai om 0.50 daidai yake da kuskuren digiri 20 da ɗoriya. Sukurun da bai kama ƙafar waya sosai ba, ko ruwan da ya tsiyaya ya bushe a kan mahaɗin da tanki yake ɗaurewa da na'ura, wanda ake kira 510, ko sifirin ɗin da ke tura ɗan fil ɗin tsakiyar mahaɗin da ya gaji, kowanne ya isa ya haifar da hakan. Alamarsa ita ce lambar turjiya tana tsalle a allo ba tare da an taɓa komai ba, yanzu 0.50, an jima 0.54. Duk wanda ya ga haka ya daina wasa da saitin zafi, ya goge mahaɗin da auduga mai ɗan sifirit, ya sake ɗaure sukurorin bayan wayar ta yi zafi ta huce sau ɗaya ko biyu, domin ƙarfe yana ɗan saki bayan ɗumin farko.

Akwai kuma ruɗanin ma'auni. Yawancin na'urorin suna aiki tsakanin digiri 100 zuwa 315 a Salshiyos, wato kusan 200 zuwa 600 a Faranhait, kuma 300 na wannan ba 300 na wancan ba ne: na Faranhait bai kai 150 a Salshiyos ba, na Salshiyos kuwa ya kusa ƙarshen abin da na'urar za ta iya. A duba harafin da ke gefen lambar. Mafi yawan masu amfani suna tsayawa tsakanin 200 da 250 a Salshiyos. Adadin wat a wannan tsari aikinsa saurin kaiwa ga zafin ne kawai, idan ya yi kaɗan ba za a taɓa kai iyakar ba, idan ya yi yawa sai tururin ya riƙa zuwa da fizga.

Hanyar da na fi amincewa da ita wajen tabbatar da gaskiyar allo ita ce gwajin busasshiyar auduga. Ana zura sabuwar auduga a kwayil ba tare da ruwa ba, a sa iyaka a kusan digiri 215, a danna na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da an kai baki ba, sannan a zaro ta a duba. Idan ta fito fara, ko da ɗan tabo mai ruwan ƙasa kamar sawun dutsen guga, lissafin yana kusa da gaskiya. Idan ta yi hayaƙi ta yi baƙi, akwai kuskure a ɗaya daga cikin abubuwan da na ambata, kuma bai kamata a zuƙi komai daga wannan kwayil ba sai an gano shi.

Game da nikel da taitaniyam, ina gargaɗi da babbar murya cewa kada a yi amfani da su a tsarin wat, kuma kada a ƙona su su yi ja da sunan wankewa kamar yadda ake yi wa Kanthal, domin a tsananin zafi fuskar ƙarfen tana canzawa ta haifar da abin da bai dace da huhu ba. Wanda fatarsa take ƙaiƙayi idan ta haɗu da nikel ya nisanci wannan waya. A ganina 316L ce ta fi sauƙin sha'ani ga mafari, tun da tana aiki a tsarin zafi da na wat duka.

Dalilin da ya sa na damu da wannan har na ɗauki alƙalami ya wuce batun ɗanɗano. Ruwan sigarin lantarki ginshiƙinsa gilisarin ne da furofilin gilaikol, kuma idan zafi ya yi musu yawa sukan farfashe su fitar da sinadarai masu guba irin su fomaldihaid da akrolin. A watan Janairu na 2015 masu bincike daga Jami'ar Portland State ta Amurka sun bayyana a mujallar New England Journal of Medicine cewa sun sami sinadarai masu sakin fomaldihaid a tururin da aka samar da ƙarfin lantarki na bolt 5, ba su gan su a bolt 3.3 ba. An yi ta muhawara a kan yanayin gwajin, amma darasin da ya shafi zafi ya tabbata, kuma fasahar daidaita zafi an yi ta ne domin rage irin wannan ƙuna. Ko an saita ta daidai ba ta mayar da tururin ya zama iska mai tsabta ba, idan kuma aka saita ta ba daidai ba sai ta ba mai ita natsuwar da ba ta da tushe.

Ina roƙon jaridarka, Malam Edita, ta nemi likitan huhu da masanin lantarki su yi wa masu karatu ƙarin bayani a kan wannan batu da harshen da muke ji, su haɗa da batun batir samfurin 18650 da yawancin waɗannan na'urori suke ɗauke da shi, wanda bai kamata a ci gaba da amfani da shi ba idan rigarsa ta roba ta yage, ko a jefa shi aljihu ɗaya da makullai.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu na kullum