Barka da Sallah Daga Garin Masara

Cedar Rapids, jihar Iowa, Amurka
Daren Babbar Sallah

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina yi miki barka da Sallah. Allah ya maimaita mana, ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. A gaishe min da Yaya Babba da iyalinsa, da Gwaggo, da Kawu, da duk 'yan gidan. Na san Auta ne zai karanta miki wannan takarda. To Auta, ka karanta duka, kada ka tsallake inda na taɓo ka.

Yanzu ku kun yi nisa da barci, don kuna gabanmu da awa shida. Mu ba mu daɗe da yin magariba ba, saboda a wannan lokaci na shekara rana ba ta faɗuwa sai wajen tara saura. Jikokinki sun kwanta da kayan Sallarsu a jiki, maiɗakina kuma tana kicin tana fama da ragowar suya. Ɗinkin da kika aiko ya iso lafiya, sai dai takwaran Baba ya yi tsawon da wandon ya tsaya masa a ƙwauri. Haka ya sa abinsa ya tafi idi, ya ce na Kaka ne ba zai cire ba.

Da muka yi waya makon jiya kin sake yi min tambayar da kike yi tun 2018: me ya raba ni da New York, garin da kowa ya san sunansa, na koma wani ƙauye da ko sunansa ba kya iya faɗa? Na ji ma Kawu yana gaya wa mutane wai karayar arziki ce ta kore ni. Yau da na samu sararin zama, bari in ba ki amsa ta yadda ranar nan ta kasance.

Ƙarfe bakwai da rabi muka fita daga gida, kafin takwas saura kwata mun isa inda ake idi, na ajiye mota ba tare da na biya ko sisi ba. A Bronx, yankin New York da na zauna, shekara shida da na yi, ranar Sallah sai in tashi tun asuba in yi ta canjin jirgin ƙasa, in isa masallaci ya cika, in yi sallah a kan titi bisa kwali. A nan cikin sahu akwai 'yan Sudan, da Somaliyawa, da 'yan Pakistan, da 'yan Bosniya, sannan ga waɗansu tsofaffi farare tas, Turancinsu irin na manoman garin nan, waɗanda in kin gan su a kasuwa ba za ki ce Musulmi ba ne. Jikokin Larabawan Sham ne da suka zo nan fiye da shekara ɗari da suka wuce, suna yawon talla gona-gona. Kakanninsu ne suka gina wani ɗan masallaci a 1934, fari, da 'yar kubba a bisa ƙofa, girmansa bai wuce zauren gidan mai unguwa ba. Har yau yana nan tsaye, ana ce masa uwar masallatan Amurka, don cikin waɗanda aka gina tun daga tushe da niyyar masallaci, shi ne mafi tsufa da ya rage a ƙasar. Ambaliyar kogin Cedar ta 2008 ta shiga cikinsa, aka gyara. Kuma, Inna, garin nan yana da maƙabartar Musulmi tun shekarun 1940. Wannan na daga cikin abin da ya kwantar min da hankali da na zo, don ɗan Adam bai san inda ƙasarsa take ba.

Bayan an sauko, ni da abokaina biyu muka nufi kudu wajen wani gari da ake kira Kalona, tafiyar ƙasa da awa ɗaya, masara dama da hagu har iyakar ganinki. A can akwai waɗansu Kiristoci da ake ce wa Amish, ba sa tuƙa mota, sai keken doki, mazansu na barin gemu su aske gashin baki. Wurin wani manomi a yankin muka sayi raguna. Ba a taya rago da ido kamar a kara, a ce "sallama" ko "albarka". Bisa sikeli ake ɗora shi, nauyinsa shi ne kuɗinsa. Ragon ma in kin gan shi dariya za ki yi: gajere, ba ƙaho, gashi kamar katifa, ba ya ko kama ƙafar balamin da Baba, Allah ya jiƙansa, yake ɗaurewa a ƙofar gida. Amma da hannuna na yanka, na fuskanci alƙibla, takwaran Baba ya riƙe min ƙafa yana runtse ido. Muka yi fiɗa a bayan rumbun mutumin, na kwaso kai da ƙafa da kayan ciki, yana kallona yana mamakin abin da zan yi da su. A New York kuɗi nake biya, a miƙo min nama a leda, in hau bene hawa biyar da shi. Ban taɓa ganin idon ragon layyata ba a can.

Inda abin ya yi min ciwo shi ne rabo. Na kasa nama kashi uku yadda aka saba, sai na tsaya riƙe da kwano ina tunanin gidan wa za a kai. Ba almajiri, ba mai sallama a ƙofa, ba yara masu yawon Sallah. Maƙwabciyarmu wata tsohuwa ce Baturiya da ke zaune ita kaɗai, 'ya'yanta sun watse wasu jihohi. Ɗanye dai na san ba za ta karɓa ba, sai maiɗakina ta soya, ta rage yaji, yaran suka kai mata. Bayan awa ɗaya sai ga ta da kek a faranti, idonta ya yi ja saboda yajin, tana cewa ya yi daɗi. Ita ce baƙuwarmu ta Sallah, ita da wani ɗan Sudan da ya zo daga Iowa City, wanda ranar da muka fara haɗuwa ya ji ina waya ya juyo ya ce min "sannu ɗan uwa". Kakanninsa daga ƙasar Hausa suka tashi za su Makka a ƙasa, suka yada zango a Sudan, zama ya kama su. Hausarsa ta gauraya da Larabci, amma ina shan ta kamar ruwan randa. A Bronx kuwa, Hausawan zangon Ghana da na Nijar sun ishe ka, ranar Sallah ka ci tuwo gida uku, ka sayi daddawa da kuka a shagon kan kwana. Wannan kam na rasa shi, ba zan ɓoye miki ba.

To me ya zaunar da ni? Lissafi. Abin da nake biya a Bronx na ɗaki ɗaya da falo, inda muke kwana mu huɗu muna jin tarin maƙwabci ta bango, shi ne yake riƙe min gida mai ɗaki uku a nan, da tsakar gida ta baya inda maiɗakina ta shuka kuɓewa da yakuwa da tattasai. Daga gida zuwa masana'antar da nake aiki minti goma sha biyu ne. A can awa ɗaya da rabi nake yi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, in fita yara na barci in dawo suna barci. Harajin da ake ɗorawa kan kayan da ka saya a shago kashi 7 cikin ɗari ne a nan, a Chicago ya haura 10. Kuɗin da aka rufa ɗakinki da kwano, da na makarantar Auta, duk bayan na dawo nan suka samu. A New York albashina ya fi wannan a takarda, amma kafin wata ya raba garin ya karɓe abinsa.

Kada dai Auta ya ji wannan ya ɗauka kuɗi ake shara. Mafi ƙarancin albashi a dokar Iowa dala 7.25 ne a awa, ƙasa da rabin na New York, ko da yake masana'antu na biyan fiye da haka don suna neman hannu. Garin na mutum kusan dubu 138 ne, abincinsa masara da hatsi: akwai katafariyar masana'antar Quaker Oats a bakin kogi, wata rana iska ta kaɗo ƙamshi kamar ana toya waina da sukari, wata rana kuma ta kaɗo warin jiƙaƙƙiyar masara daga wani ɓangaren. Hukuma na yi wa garin kirari da mai yanayi biyar, wai na biyar ɗin shi ne lokacin da za ka samu ka more sauran huɗun, 'yan gari kuma suna tsokana su ce mai wari biyar. Aladen jihar sun ninka mutanenta sau da yawa, don haka komai za mu saya sai mun karanta bayan kwali.

Sannan in ba ka da mota, gurgu ne kai. Bas ba ya kai dare, ranar Lahadi ma ba ya fita, alhali jirgin New York ba ya barci. Sai sanyi. Ƙarshen Janairun 2019, hunturuna na farko a nan, ma'auni ya sauka ƙasa da sifili da digiri 34. Na fita tayar da mota, gashin hancina ya daskare, motar ta ce ba ta san zance ba. Ranar na zauna a kicin na ce wa maiɗakina mu tattara mu koma. Ita ta hana. Sai kuma 10 ga Agustan 2020, da rana tsaka gari ya yi baƙi, wata iska ta taso da gudun da aka ƙiyasta ya kai kilomita 225 a awa, muka gudu ɗakin ƙarƙashin ƙasa muna ta salati. Da muka fito, fiye da rabin itatuwan garin sun kwanta ko sun karye. Muka yi kwanaki ba wuta, na ce wa yaran yau kun ɗanɗana gida. Abin da ban manta ba, mutanen layinmu da ba mu taɓa wuce ɗaga hannu da su ba, su suka zo da zarto mai inji suka sare reshen da ya tare mana ƙofa, ba wanda ya nemi lada. Mutanen nan suna da fara'a da taimako, amma ba sa shiga gidanka, kai ma ba ka shiga nasu sai da alƙawari. Shekara nawa yanzu, har yau ban saba da wannan ba.

Auta, ga inda na ce kada ka tsallake. Na ga hotunan dogayen benaye da kake turo min kana cewa can za ka sauka in Allah ya yi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Chicago awa huɗu ce daga nan a mota, muna zuwa sau biyu ko uku a shekara mu yi sayayyar garin rogo da manja da busasshen kifi, mu kalli tafkin Michigan, yara su sha kallo, kafin dare ya raba kuma na ƙosa in dawo inda zan ajiye mota a ƙofar gidana. Ka gama karatunka tukuna. Akwai kwaleji a nan mai suna Kirkwood da ake koyon aikin jinya da walda da gyaran injuna, in rabo ya kawo ka sai mu yi maganar.

Inna, na tura wa Yaya Babba kuɗin barka da Sallah, ya san yadda zai raba, na Gwaggo daban yake. Idan mutumin da zai taso bayan Sallah bai fasa ba, a ba shi kuka da daddawa da yajin ƙuli, a ɗaure sosai a rubuta suna da Turanci a jiki. Kilishi kam kada a saka, ma'aikatan filin jirgi ba sa barin nama ya shigo. Wandon takwaran Baba kuma a ƙara masa tsawon taƙi ɗaya a ɗinki na gaba.

Gobe da sassafe zan koma aiki, don a nan ba hutun Sallah, kwana ɗaya na roƙa aka ba ni. Zan kira ki in na tashi daga aiki, wajen bayan isha'inku. A sa mu a addu'a.

Ɗanki.