Android ta yi mana rana amma a duba maganar sabuntawa

Assalamu alaikum Edita, don Allah ka ba ni ɗan fili in ce wani abu kan Android tunda ita ce a wayoyin mafi yawanmu.

Gaskiya ta yi mana rana. Google ta saye ta a 2005, wayar farko ta fito a 2008, kuma aka bar ta a buɗe kowane kamfani ya ɗauka ya sa a wayarsa, shi ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma yake riƙe da waya mai intanet, ka sa layi biyu ka canza fuskar wayar yadda ranka ke so.

To amma wannan buɗewar ce kuma matsalar. Google za ta fitar da gyaran tsaro sai kamfanin da ya ƙera wayarka ya ga dama kafin ya iso gare ka, ƙananan wayoyi da yawa ba a daɗewa ake mantawa da su alhali asusun banki da hotunan iyali duk suna ciki. Pixel 8 da Galaxy S24 an yi musu alƙawarin sabuntawa na shekara 7, to masu arha fa? Ga manhajojin da ake cusawa tun daga kamfani, ba sa goguwa sai cin waje da caji.

Mu ma jama'a mu daina sauke APK, wato fayil ɗin sa manhaja a waya, da aka turo ta WhatsApp, ta nan ɓarayi ke karanta saƙon lambar sirri ta banki. Kamfanoni kuma don Allah su dinga rubuta shekarun sabuntawa a jikin kwali.

Naka,
Wani mai karatu